Bahagon Garthwell Ya Kwanta Dama

Da hantsin ranar Alhamis, goma sha huɗu ga watan Maris na wannan shekara ta 1912, Tabitha, 'yar abokina, ta ƙwanƙwasa ƙofata. Da na buɗe na gan ta lulluɓe da baƙin mayafin uwarta, ban tambaye ta komai ba. Ita ce ta ce, "Kawu Caleb, Baba ya cika." Haka labarin rasuwar Jabez Crowther ya same ni, mutumin Garthwell, ma'aikacin ramin kwal, kuma bahagon da ya yi wa ƙungiyar kurket, wasan ƙwallo da kulki, ta lardinmu jifa shekara goma sha biyar. Ya rasu yana da shekara hamsin da huɗu. Daga Allah ya zo, gare shi ya koma.

Jabez, jaridun birni sun riga ni. Sun jera sunayen manyan 'yan wasan da ka fitar daga wasa da jifanka, sun ce kai ne mai jifa mafi sanyin hannu a zamaninka. Ba su yi ƙarya ba, amma ba su san abin da sanyin nan ya ci maka ba. Ni, Caleb Womersley, na sani. Layi ɗaya aka haife mu, rana ɗaya aka sauke mu cikin rami, kuma duk shekarun da ka yi kana jifa ni ne a tsugune a bayan turakun nan uku da mai jifa ke neman kayarwa, mai bugu kuma yana kare su da kulki, ina cafe abin da ya wuce shi. Don haka bari in faɗi naka yadda yake.

Cikin duka ka tashi. Mahaifinka, Allah ya gafarta masa, ba ya magana sau biyu, ta biyun da bel yake yin ta. Ta bango muke jin ƙarar ƙarfen bel ɗin a bayanka, ba mu taɓa jin kukanka ba. Da ka kai shekara goma sha bakwai ka fi shi tsawo, ƙirjinka ya buɗe, diga ta mai da hannunka na dama kamar gungume. Duk abin da ka haɗiye a gida, a filin wasa kake amayar da shi. Kakan sheƙo da gudu daga nesa ka saki ƙwallon fatar nan mai taurin dutse, ya doki ƙasa ya taso har fuskar mutum. Filayen ƙauye a lokacin gargada ne da tsakuwa. Mun ga haƙora a kan ciyawa, mun ga yatsu sun juya baya. Mutanen Garthwell suna ta ihu suna kiran sunanka, kai kuma kana jin daɗi. Ba zan ɓoye wannan ba, domin kai ma ba ka taɓa ɓoye shi ba.

Sai Asabar ɗin da muka je wasa Holmby, a bazarar 1877. Reuben Tordoff, maƙerin garin, ya fito da kulkinsa yana dariya, ya ce maka, "Yaro, ka yi a hankali, matata ta ce kada in dawo mata da fuska a kumbure." Ka saki ƙwallo na farko ya wuce kunnensa. Na biyu ya doki tsakuwa ya tashi ya same shi a gefen kai. Ina dab da bayansa, na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ya juyo ya dube ni kamar zai yi tambaya, ya faɗi a kan turaku, jini yana fita ta kunnensa. Kafin a kawo amalanke ya cika. Ya bar mata da 'ya'ya uku.

Mai binciken gawa ya ce tsautsayi ne. 'Yan'uwan Reuben ba su yarda ba. Da la'asar wata rana, ka taso daga aiki, suka tare ka a lungun bayan tudun toka, su uku, kowa da ƙotar diga. Lokacin da muka ji hayaniya muka rugo, sun riga sun gudu. Mun same ka kwance, sun take hannunka na dama a kan dutse sun farfasa shi tun daga gwiwa har yatsu. Ƙashi ya huda fata. Da ɗan sanda ya zo gadon asibiti da tambayoyinsa, ka dube shi da idon da bai kumbura ba ka ce, "Faɗuwa na yi." Ya ce, "Faɗuwa daga ina, daga sama?" Ka ce, "Daga inda na hau." Bai sami wani abu daga bakinka ba bayan wannan.

Hannun ya warke a karkace, bai ƙara miƙewa ba. Da ka fara fita, Holmby ka nufa, gonar dankalin matar Reuben. Ba ka yi sallama ba, ka ɗauki shebur da hagu ka fara haƙa. Ta fito ta watsa maka tafasasshen ruwan wanki, har ka mutu akwai tabon a wuyanka. Ka koma Lahadi mai zuwa. Ta sakar maka kare. Ka koma. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, kai kana noma, ita tana rufe ƙofa, har wata rana a lokacin kaka matar ta ajiye maka kofin shayi a kan katanga ta shige ciki. Ba ta taɓa ce maka ta yafe ba, kai kuma ba ka taɓa roƙo ba. Ka ci gaba da zuwa har ƙaramin ɗanta ya isa riƙe shebur.

Mun ɗauka kurket ya ƙare maka. Ni ne na fara ganin ba haka ba ne. Na leƙa bayan gidanku na tarar ka kafa turke ɗaya jikin bangon makewayi, kana jifansa da hagu, a hankali kamar mai miƙa wa jariri abu. Kana murza ƙwallon tsakanin yatsa da ɗinkinsa har sai ya yi ƙara, ya sauka nan ya karkata can. Fatar yatsanka ta tsage, ka tsoma ta cikin ruwan gishiri ka ci gaba. Na ce, "Kai, Jabez, wannan ai kakata ma za ta buge shi da muciya." Ka ce, "To, je ka kira ta. Ni dai ba zan ƙara sakin abin da zai kashe mutum ba." Na ɗauki kulki don in nuna maka. Har rana ta faɗi ban taɓa ƙwallon nan yadda nake so ba ko sau ɗaya.

A 1882 ƙungiyar lardi ta ɗauke mu tare. Ka tuna ranar farko, da muka bi 'ya'yan manya za mu shiga fili ta babbar ƙofa, mai gadi ya tare mu ya nuna mana ƙaramar ƙofar gefe, ta 'yan ƙwadago irinmu? Ka cire hula ka gaishe shi ka ce, "Ba komai, baba, duk ciyawa ɗaya za mu taka." Ranar an kwana ana ruwa, rana ta fito ta fara busar da fili, ƙasa ta yi danƙo. Irin ranar da Allah ya yi dominka ke nan. 'Yan kallo sun yi dariya da suka ga ƙato kamar kai ya yi taku kaɗan ya lallaɓo ƙwallo sama. Dariyar ba ta daɗe ba. Mai bugu ya fito da gudu zai aika shi bayan gari, ƙwallon ya sauka gabanin inda ya zata, ya kauce wa kulkinsa ya faɗo hannuna, na tumɓuke turaku yana can tsakiyar fili yana waige. Kafin a sha shayin la'asar ka gama da mafi yawan masu bugun abokan hamayya.

Daga nan sunanka ya tafi. Aka riƙa cewa Bahagon Garthwell yana sa ƙwallo ya yi kwana kamar an ɗaura masa zare. Mun kwana a masaukai masu kuɗin cizo daga arewa har bakin tekun kudu, mun ci burodi da kitse a jirgin ƙasa. Yatsuna goma babu wanda bai karye ba wajen cafe ƙwallonka, kuma kullum idan na yi ƙorafi sai ka ce, "Caleb, ni kaina ban san inda zai nufa ba, kai me ya sa kake son ka sani?" Duk matashin da aka kawo ƙungiya yana rawar jiki, kai ne kake zama kusa da shi, ka raba abincinka biyu, ka gaya masa wane mai jifa ne ke neman haƙarƙari da wanda ke neman ƙafa.

Amma wutar nan ba ta mutu ba, rufe ta ka yi. Na ga ta tashi sau biyu.

Na farko a filin wani lardi na kudu. Suna da mai jifan ƙarfi ana ce masa Gaunt, mutum ne da ke auna kai da gangan. Ya fasa wa biyu daga cikinmu gira. Da na fito bugu ya same ni a baki, haƙorana na gaba suka zube, na durƙusa ina tofar da jini. Kana can ɗaya gefen da kulki a hannu. Gaunt ya matso ya ce, "A kwashe wannan, a kawo mini mai kisan kan." Na ga fuskarka ta koma irin ta mahaifinka. Ka tako zuwa gare shi da kulki a ɗage, alƙalin wasa ya ja da baya. Ka tsaya har numfashinka yana taɓa fuskarsa. Sannan ka juya ka rafka kulkin a ƙasa da ƙarfin da ya raba shi biyu, ka zo ka ɗauke ni kamar buhu ka fitar da ni.

A ɗakin sauya kaya kyaftin ɗinmu, Yallaɓai Fanshawe, ya kira ka. Ya ce, "Crowther, na ji a da kana da jifan ƙarfi. Gobe idan Gaunt ya fito, ina son ƙwallo ɗaya a haƙarƙarinsa. Ɗaya tak." Ka ce, "Yallaɓai, zan fitar maka da shi, amma ba zan taɓa jikinsa ba." Ya ce, "Umarni nake ba ka." Ka ce, "Na ji, yallaɓai." Washegari Gaunt ya fito, ka lallaɓa masa ƙwallo mai laushi, ya kai duka da dukan ƙarfinsa, ya bugi iska ya zube a kan gindinsa, turakunsa suka watse. Jama'ar garinsu ma sai da suka yi masa dariya. Duk da haka Yallaɓai Fanshawe ya ajiye ka a benci har ƙarshen watan, don ka ƙi bin magana. 

Na biyu kuwa ba ka riƙe ba. A mashayar Garthwell wani baƙo da giya ta ɗebe shi ya faɗi ƙazamar magana a kan Dorcas, matarka. Naushi ɗaya ka yi masa da hagu, muƙamuƙinsa ya karye. Ka yi wata guda a kurkuku, ka rasa rabin kakar wasa. Ranar da ka fito Dorcas tana bakin ƙofa. Ba ta rungume ka ba. Ta ce, "Da bakina, Jabez, ni ma na iya rama wa kaina. Hannun nan shi kaɗai ya rage mana. In ka ƙara ɗaga shi a kan mutum, kada ka dawo gidan nan." Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Dorcas." Tun daga ranar ba ka sake taka mashaya ba, ka koma zama a bencin baya na majami'a kana rera waƙa da muryar da ba ta taɓa dacewa da ta kowa ba.

A 1897 yatsan jifan ya ƙi. Ya kumbura ya sandare, ƙwallo ya daina juyawa. Ka gaya wa ƙungiya da bakinka kafin su gaya maka. Ka dawo gida ka kama aiki a bakin rami, kana karɓar kekunan kwal, da yamma kuma kana gyaran filin ƙauye. Da hannu ka tsince tsakuwar filin nan, ka ja abin daddaɓe ƙasa kai kaɗai har ya kwanta lumui kamar tabarma. Babu wani saurayi a Garthwell yau da ba kai ka nuna masa yadda ake riƙe ƙwallo ba. Baba Jabez suke kiran ka.

Sai yajin aikin bana ya zo. Kai ma ka ajiye aiki tare da kowa, kuma kana cikin masu cewa a dage. Amma sanyi ya yi tsanani, murhu ya mutu a gidaje, yara suka fara tonon ɓurɓushin kwal a tudun toka. Zukata suka yi zafi. Sai labari ya bazu cewa Noah Hirst, ɗaya daga cikin ma'aikatan rami, ya koma aiki a ɓoye. Gaskiya ne ya koma. 'Yarsa ce ke kwance da ciwon huhu, kuma likitan kamfani ba ya zuwa gidan mai yaji.

Da azahar ɗin Asabar jama'a suka taru a gaban gidansa. Da farko ihu ne da buga gwangwani. Sai aka fara jifa, tagogi suka tarwatse, ana jin matar Noah tana kururuwa a sama. Wani ya cinna wa rumfar bayan gida wuta. Ina tsaye a bakin layi lokacin da ka wuce ni da rigar aiki, ba ko kwat. Na kama hannunka na ce, "Jabez, bari, sun fita hayyacinsu." Ka ce, "Akwai yara a ciki, Caleb." Ka ratsa taron, ka hau dakalin ƙofar, ka juya musu fuska, bayanka a jikin ƙyaure.

Na ji abin da ka ce, duk wanda ke wurin ya ji. "Ni ma ina yaji kamar ku, cikina ma babu komai. In Noah kuke so, ku jira shi a zauren ƙungiyar ma'aikata ku gaya masa abin da ya yi. Amma gidan nan da yarinya marar lafiya. Ba mai shiga." Wani ya ce, "Baba Jabez, kauce, ba da kai muke ba!" Ka ce, "Yau da ni kuke." Rabin bulo ya same ka a kafaɗa, kwalba ta tsaga maka goshi, jini ya rufe maka ido. Hannayenka suna bayanka, a haɗe. Na san ƙarfin da ke cikin hagun nan ko a wannan shekaru, na san da ka sake shi da mutum biyu ko uku sun kwanta. Ba ka sake shi ba.

Waɗanda ke baya ba su ga abin da ke gaba ba. Wasu samari sun ɗauko gungumen tokare rami don su fasa ƙofa, suka taho da shi a guje, taro ya buɗe musu, na baya suna tura su. Na gaba sun gan ka, sun yi ƙoƙarin tsayawa, amma nauyin ya fi ƙarfinsu. Gungumen ya same ka a ƙirji, ya haɗa ka da ƙyauren, ƙyauren ya ɓalle ya faɗa ciki tare da kai.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Gungumen ya faɗi ƙasa. Samarin da ke riƙe da shi duk yaranka ne na fili. Ɗaya ya durƙusa yana kiran "Baba, Baba," yana goge maka jini da hularsa. Babu wanda ya ƙara tunawa da Noah Hirst. Mutanen da suka kunna wutar su ne suka ɗebo ruwa suka kashe ta. A kan ƙyauren nan aka ɗauke ka zuwa gida.

Likita ya ce haƙarƙari sun karye sun huda huhu, babu abin yi. Ka yi kwanaki kana numfashi da ƙyar. Na zauna a gefenka ranar Laraba da rana, ka buɗe ido ka tambayi yarinyar Noah, aka ce tana shan romo. Ka ce madalla. Sannan ka dube ni, leɓenka ya motsa, na sunkuya. Ka ce, "Caleb, ka ga wannan karon ni na tsaya a gaba, kai kana can baya kana hutawa kamar kullum." Na yi dariya, dariyar ta koma abin da ba zan rubuta ba. Ita ce maganarka ta ƙarshe da ni.

'Yan sanda sun zo wurin Dorcas suna neman sunaye. Ta ce tana cikin gida lokacin, ba ta ga kowa ba. Ranar jana'iza samarin nan suka zo suka tsaya can nesa da ƙofa, hula a hannu, sun kasa matsowa. Ta fito ta dube su ɗaya bayan ɗaya har suka sunkuya. Ta ce, "Kun iya ɗaukar gungume, ai za ku iya ɗaukar Jabez. Ku zo ku ɗauke shi." Su suka ɗauki akwatinka. Ta hana a bi gajeriyar hanya, ta sa aka bi ta gaban gidan Hirst, inda aka toshe ƙofa da katako, kuma a nan ta ce a tsaya. Matar Noah ta fito da yarinyar a naɗe cikin bargo, ta ɗaga ta don ta ga akwatin. Masu ɗauka ba su sauke ka ba har bakin kabari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dorcas, wadda ta zauna da kai shekara talatin ta san zafinka da sanyinka. Ina yi wa Tabitha da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanwarka Keziah, da tsofaffin abokan wasanmu da suka rage, da mutanen Garthwell baki ɗaya. Ina yi wa iyalin Hirst. Ina yi wa samarin nan ma, domin su ma uba suka rasa, kuma abin da za su ɗauka har tsufansu ya fi akwati nauyi. Allah ya ba kowa haƙuri, ya kawo ƙarshen wannan yaji ba tare da an ƙara zubar da jini ba.

Ya Ubangiji, ga bawanka Jabez ya zo gare ka da raunukansa. Ka san abin da hannunsa ya yi, ka san kuma abin da ya hana shi yi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yi masa jinƙai, ka ba shi hutawa a wurinka inda babu duka babu kuka. Mu da muka rage, ka sa mu cika da kyau.

Sauka lafiya, ɗan'uwana. Amin.

Caleb Womersley
Garthwell